Hatimin da Aka Sassaƙa da Sunana

Ni 'yar malamin makarantar firamare ce, a wata unguwa cikin birnin Kano. A gidanmu ni ce marar hayaniya. Idan an aike ni sayen gishiri sai na daɗe a hanya, domin na tsaya kallon yadda rini ke ɗiga daga zanen da aka shanya. Littattafan karatuna duk bayansu cike yake da baitocin waƙa da ban taɓa nuna wa kowa ba. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ina faɗa muku wannan ne, ƙannena, don ku san cewa wadda ta yi shekara shida a kurkukun ƙasar Sin ba wata fitinanniya ba ce. Kamar ku take.

Na samu shiga jami'a a Zariya, sashen haɗa magunguna. Darasin da na fi so shi ne wanda 'yan ajinmu suka raina, wato tarihin magani. Wani tsohon malami ne ke koyar da shi. Shi ya ba mu labarin yadda aka fara samun maganin zazzaɓi daga ɓawon itace, da yadda masana'antun da ke yin rinin tufafi a Turai suka koma yin ƙwayoyi. Ya kuma ba mu labarin zamanin da babu doka, lokacin da kowa ke iya zuba ruwa mai launi a kwalba ya ce yana maganin cuta ashirin. Ya ce akwai ruwan da ake sayar wa iyaye mata don jariri ya daina kuka, ashe kayan maye ne a ciki, wasu jariran suka yi barcin da ba su tashi ba. Ya ce ba kwalbar ke sayar da kanta ba, wasiƙu ne. Masu maganin kan buga wasiƙun godiya daga mutanen da suka ce sun warke, kuma da yawansu babu su a duniya, wani ne ya zauna a ɗaki ya ƙirƙire su. Na rubuta duk wannan da kyakkyawan rubutu, na ci jarrabawar fiye da kowa a ajin.

Ina aji uku malamai suka shiga yajin aiki mai tsawo. Wata ya bi wata ina zaune a gida. A lokacin ne yayar mahaifina, Gwaggo Uwani, ta zo mana. Gwaggo 'yar kasuwa ce, ta fara da Jidda da Dubai, sannan ta koma sayo takalma da yadi daga Guangzhou. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma tun ina ƙarama take cewa ni tata ce. Ta ce wa mahaifina, "Malam, ka ba ni 'yata ta riƙe mini Turanci. Waɗannan mutane cutata suke yi a takarda. Ana komawa makaranta zan dawo maka da ita da kaina." Mahaifina bai taɓa yi wa yayarsa musu ba. Ni kuwa har na fara ganin teku a mafarki.

Mun isa a shekarar da Hong Kong ta koma hannun Sin. Garin Guangzhou ya sace mini zuciya. Akwai wasu manyan itatuwa a gefen titi waɗanda saiwoyinsu ke saukowa daga rassa kamar gemun tsofaffi. Ruwan sama kan sauko da ɗumi, kekuna su yi ta wucewa a cikinsa, kowa ya rufa da leda mai launi. Muna zaune a unguwar Sanyuanli, kusa da kasuwannin tufafi inda mutanenmu ke sari, jiragen sama na wucewa dab da rufin gidaje. Na koyi cewa nihaw idan zan gaisa, na koyi kiran mai shago lawban, wato maigida, na kuma koyi meyo, wato babu.

A mako na biyu Gwaggo ta kai ni wani lungu wajen wani tsoho mai sassaƙa hatimi. Ta ce, "A ƙasar nan sa hannu ba ya aiki, sai jan hatimi. Ni ba karatu gare ni ba, ke ce mai ilimin. Da sunanki za a yi, ki zama ke ce babba." Na tsaya ina kallon tsohon yana ƙwaƙule dutse da ɗan ƙarfe, sunana yana fitowa da haruffansu da namu. Ya dangwala shi a jan tawada ya buga a takarda. Ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamarsa ba. Na rungume Gwaggo. Ta karɓi hatimin ta saka a jakarta tare da fasfo ɗina, ta ce kada su ɓace mini, tunda ni hankalina kullum yana sama. Ban sake neman su ba. A tarbiyyar da aka yi mini, yarinya ba ta cewa babba ya ba ta ajiyarta ta duba.

Ashe ba takalma kaɗai Gwaggo ke kaiwa gida ba. Akwai wata 'yar masana'anta a bayan gari, can gaba da filin jirgin Baiyun, inda ake haɗa mata wani ruwa mai ɗaci a kwalabe, ta sayar wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi a matsayin maganin ƙarin ƙarfi. Mai wurin wani siririn mutum ne mai yawan murmushi, ba mu kiransa da komai sai Lawban. Aikina na farko shi ne gyara Turancin takardar da ake naɗewa a cikin kwali, domin kuskure ya yi mata yawa. Na gyara, na ƙara fassarar Hausa. Babu laifi a wannan.

Da Gwaggo ta sa na karanta mata, sai ta taɓe baki. "Yana iya taimakawa? Wa zai sayi abin da ke iya taimakawa? 'Yar boko, ki ce yana maganin ciwon sukari. Ai ganyaye ne, kakanninmu da su suka rayu."

Na ce, "Gwaggo, ba a gwada ba."

Ta ce, "To ki ce da yardar Allah. Akwai abin da ba ya warkarwa da yardar Allah?"

Na yi dariya, na rubuta. Kalma uku ce kawai na sauya, na ce wa kaina. Ni ce ma na raɗa wa maganin suna, na kira shi Sassauci, don na ga sunan yana da daɗin faɗi.

Wasiƙun kuwa ba Gwaggo ce ta kawo shawararsu ba. Wannan shi ne abin da na fi daɗewa ban faɗa wa kowa ba. Ni ce na ce mata, wata rana muna cin taliya, ai a da can da wasiƙun godiya ake sayar da magani. Na faɗa ne don ta ga na sani. Idanunta suka yi haske, ta ce, "Ka ji amfanin makaranta!" Darasin da malamina ya koyar don ya tsare mu, shi na ɗauko na mayar kayan aiki.

Na zauna bakin taga na ƙirƙiri mutane. Akwai direban tirela, akwai malamin makaranta mai ritaya. Amma wadda na fi so ita ce Ladidi, mai ƙosai a Gaya. Na ba ta jikoki biyar da ƙafa mai kumburi. Na sa ta ce shekara takwas tana yi wa kanta allurar ciwon sukari har cinyarta ta yi kanta, ta sha Sassauci kwalba uku, yanzu ta ajiye allura, tana tafiya kasuwa da ƙafarta. Na rufe da cewa ranar da ta fara cin dabino ba tare da tsoro ba, sai da ta yi kuka. Da na karanta wa Gwaggo, ita kanta sai da ta share hawaye, sannan ta fashe da dariya ta ce, "Wallahi kin iya ƙarya mai daɗi." Na ji daɗin yabon. Karo na farko ke nan da wani ya ji rubutuna.

Na san abin da ke cikin kwalbar. Na je masana'antar na ga tukwanen: ganye, ruwa, launi, da ɗan abin da ke hana shi lalacewa. Na tambayi Lawban takardar gwaji, ya yi murmushi ya ce, "Meyo." Na tambaye shi lasisin yin magani, ya sake cewa meyo, ya zuba mini shayi. Na sha shayin. Aka janye yajin aiki a gida, mahaifina ya aiko wasiƙa, Gwaggo ta ce in bari mu gama wannan zubin. Zubi ya bi zubi har na shekara biyu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka shiga wani gidan abinci na Musulmin Sin inda mutanenmu ke taruwa. Gwaggo ta fita duba wani kaya, ta bar ni da wani dattijo ɗan Maraɗi, Alhaji Isuhu, wanda ke sarin Sassauci a wajenmu tare da fitilu da batir. Mutum ne mai barkwanci, kullum yana tsokanata da cewa Kanawa ba su iya fura ba. Ran nan bai yi tsokana ba.

Ya ce, "Ɗiyata, ke da kika yi karatun lokotoro da magani, in tambaye ki. Matar nan ta Gaya, Ladidi, kuna da labarin inda take?"

Na ce me ya faru.

Ya ce matar wansa ce ke da ciwon sukari. Shi da kansa ya kai mata kwalba shida kyauta. 'Yarta ta karanta mata wasiƙar, ta sa aka maimaita har ta haddace. Ta ce ita ma ta gaji da allura, ita ma tana son cin dabino. Ta ajiye allurar. "Da jikin ya tsananta, wana ya ce wataƙila akwai yadda ake sha da ba mu gane ba. Ya tashi yaronsa ya tahi Gaya takanas, ya bi masu ƙosai ɗaya bayan ɗaya yana neman Ladidi mai jikoki biyar. Kwana uku yana nema. Ya dawo ya iske an yi jana'iza."

Ya juya kofin shayinsa. Ya ce, "Ni ba zargin kowa nike ba, kwana ne ya ƙare. Amma in kun san inda take, ku tambayar mini ita, ko da abinci take haɗawa. Akwai wasu da na saida ma."

Na ce masa zan tambaya. Abin da bakina ya iya faɗa ke nan. Da na ce masa a nan take babu Ladidi, da ya koma ya hana sauran. Ban faɗa ba. Na ji tsoron yadda fuskarsa za ta sauya.

Da muka koma masauki na faɗa wa Gwaggo ina kuka. Na ce ta ba ni fasfo ɗina in tafi gida. Ta jawo ni jikinta, tana shafa kaina kamar yadda take yi ina ƙarama. Ta ce, "Ke kika kashe ta? Mai ciwon sukari ai dama a bakin hanya yake. Ki kwantar da hankalinki. Wannan kwantenar ta ƙarshe ce, daga ita mun daina, mu koma takalmanmu. Ni uwarki ce, ina raye wani abu ba zai same ki ba." Na yarda, domin yarda ta fi mini sauƙi. Na ce a cire wasiƙar Ladidi, ta ce an riga an buga kwalaye. Na bari.

Bayan kamar wata ɗaya, da hantsi, Gwaggo ta ce in je masana'anta in duba kwalayen, ita ciwon kai take yi. Ina tsaye ina karanta takarda jami'ai suka shigo. Ashe sun daɗe suna bin Lawban saboda yana yin magani ba lasisi, kuma ba namu kaɗai yake yi ba. Suka tafi da shi, suka tafi da ni. A mota ban ji tsoro sosai ba. Na ce a raina Gwaggo za ta zo.

A ofishinsu aka baje mini takardu a kan tebur. Yarjejeniyar haɗa maganin, takardun oda, takardun fitar da kaya ta ruwa da ta jirgin sama. A ƙasan kowace akwai jan hatimina. Wasu na san su. Mafi yawa ban taɓa ganinsu ba, har da na ƙwayoyin zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda aka kwaikwayi kwalin wasu kamfanoni aka cika da abin da ba shi ba. Waɗansu an buga su ne tun makon da aka sassaƙa hatimin. Sunan Gwaggo bai fito ko sau ɗaya ba. Na tsaya ina kallon ranakun da ke jikin takardun, na gane cewa tun kafin ta zo gidanmu ta ce a ba ta 'yarta, ta riga ta san abin da take nema.

Ta zo a rana ta huɗu, da sabon mayafi. Aka zaunar da ita a gabana, aka kawo wani mutumin Ghana da ya daɗe a garin, mai jin Hausa da Sinanci, ya yi tafinta. Don haka na ji komai da harshen uwata kafin a juya shi.

Ta ce, "Ɗiyar ƙanena ce. Ni takalma nake saye, ga rasit ɗina. Ban iya karatu ba, ko sunana ban iya rubutawa. Ita ce ta karanta magani. Ta ce mini tana ɗan kasuwancinta, ni kuwa na ce yara na zamani ai sun fi mu sani."

Na ce, "Gwaggo."

Ba ta dube ni ba. Ta buɗe jaka ta fito da fasfo ɗina da hatimin, a naɗe cikin wani ɗankwalina, ta ajiye a tebur. Ta ce, "Na tsince su a cikin akwatinta, na ce gara in kawo wa hukuma."

Tafintan ya dube ni, sannan ya sunkuyar da kai ya yi aikinsa. Na faɗa musu gaskiya, amma Lawban ma ya ce da ni yake hulɗa, kuma rubutun wasiƙun da hannuna yake, an same shi a littafina. Kafin a shiga kotu Gwaggo ta bar ƙasar.

Ba zan tsawaita kan kurkuku ba. Muna tashi da ƙararrawa, muna ɗinka furannin roba har yatsu su daina jin zafi. Shekara ɗaya ban yi magana da kowa da Hausa ba, sai a addu'a bayan salla. A shekara ta uku aka kawo mini wasiƙar rasuwar mahaifina. Da farko duk tunanina a kan Gwaggo yake, ina maimaita kalamanta ina neman inda zan ce tsoro ne ya sa ta. Daga baya ne na iya duban nawa. Takardun ƙwayoyin ba ni na buga ba, gaskiya ne. Amma ba su suka sa matar Maraɗi ta ajiye allurarta ba.

Da wa'adina ya cika aka sa ni a jirgi. A gida na tarar an gaya wa dangi da maƙwabta karatu nake yi a Sin, mutane suna ta yi mini sannu da karatu. Gwaggo ta gina gida mai bene, ta sake zuwa Hajji. Na yi wata biyu kafin na je gidanta. Na same ta a falo, ta tsufa, ta ce a kawo mini lemo. Na ce mata tambaya ɗaya na zo da ita: me ya sa?

Ta daɗe tana gyara zoben hannunta. Sannan ta ce, "Ke yarinya ce. Shekara shida mene ne a wajenki? Ga ki kin fito da ƙafarki. Ni da na shiga, gawata za a kawo. Na yi lissafi ne, 'yar nan. Da kin kai shekaruna za ki gane."

Ba ta ce in yafe mata ba. Na ajiye lemon ban sha ba, na yi mata sallama kamar yadda aka koya mini. Daga baya mahaifiyata ta roƙe ni in yafe saboda zumunci, na furta da baki. Zuciyata har yau ba ta bi bakin ba, kuma ina roƙon Allah Ya sa ta bi.

Ba zan taɓa zama mai haɗa magani ba, wannan ƙofar ta rufe. Yanzu ina koyar da mata manya karatu da rubutu a unguwarmu. Na tuba, ina kuma sake tuba kullum.

Ga abin da nake so ku ɗauka. Duk wanda ya ce zai sa sunanku a kan wani abu don girmamawa, ku ce a nuna muku abin, ko da shi ya goya ku. Tambayar babba cikin ladabi ba rashin kunya ba ce. Ni kunyar da na ji a mako na biyu ta ci mini shekara shida. Fasfo ɗinku da sa hannunku su zauna a wajenku. Idan Allah Ya ba ku iya magana ko iya rubutu, ku sani akwai mai ciwo a wani gari da zai gaskata ku har ya ajiye maganinsa. Kada ku ce kalma uku ce kawai. Kuma ranar da gaskiya ta zo muku a kan tebur ɗaya, kamar yadda ta zo mini a bakin Alhaji Isuhu, ku faɗe ta a lokacin, tun akwai waɗanda za ta ceta.

Na nemi Alhaji Isuhu bayan na dawo, aka ce ya rasu. Ba ni da wanda zan tambaya ko su wa ya sayar wa sauran kwalaben. Matar wansa kuwa, kullum ina yi mata addu'a, amma sai dai in ce baiwar Allah ta Maraɗi, domin ranar da ya ba ni labarinta ban ko tambayi sunanta ba. Idan kun karanta wannan, ku sa ta a addu'arku kafin ku sa ni.